Harshen Dung da Tukunyar Gwate

Duk ɗan Arewan da ya zauna a unguwar Peckham ta birnin London a shekarun da kuɗin mai suka fara ambaliya a Najeriya ya san Dung, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai baƙar kwat, wanda in an miƙa masa goro a wurin suna sai ya karɓa da hannu biyu ya jefa a aljihu, in za a zuba masa miya sai ya fara tambaya ko da yaji a ciki. Mutumin Filato ne, Birom gaba da baya, amma yana cin abinci lami kamar wanda likita ya kafa wa doka. Wasu suka ce gyambon ciki ke damunsa, wasu suka ce iyayi ne kawai irin na wanda ya daɗe cikin Turawa. Duk ba su canka ba. Harshensa yake tattali, don shi kaɗai ne jarinsa a duniya.

Wurin aikinsa yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, can wajen Camberwell. Wani dogon ɗaki ne mai duhu da sanyi, inda wani tsohon Bature mai suna Mista Ephraim yake sayo farar giyar inabi ganga-ganga daga Faransa, a gauraya, a ɗura a kwalabe, a kai wa otal-otal. Duk bayan minti kaɗan jirgi zai wuce ta sama, kwalaben su yi ta karkarwa a kan katako. Dung ne mai haɗin. Shi ke faɗin yawan abin da za a ɗiba daga kowace ganga, kuma in ya faɗa ba mai ƙarawa.

Ba da niyyar wannan aiki ya bar gida ba. A shekarar 1957 kuku ne shi a gidan wani Baturen haƙar kuza a Bukuru. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu ya ce ba zai iya rabuwa da girkin Dung ba, ya ɗauko shi a jirgin ruwa. Dung ya bar matarsa Scholastica a garinsu Zawan da jaririya 'yar wata biyar a baya, ya ce mata shekara biyu kacal zai yi. Baturen bai ga ƙarshen sanyi na biyu ba ya mutu, 'ya'yansa suka yi wa Dung godiya mai kyau suka nuna masa ƙofa. Kunya ta hana shi komawa hannu biyu, sai ya kama wankin kwalabe a wurin Mista Ephraim, ya ce kafin baɗi.

Shekara huɗu yana wanke kwalba. Ran nan da safe maigidan yana ta kai kofi hanci yana ɓata fuska, ya rasa abin da ke damun wani haɗi da ya yi. Dung yana bakin famfo, hannunsa cikin kumfa, ya ce a hankali, ganga ta uku ce ta fi ƙarfin sauran, ta danne su. Tsohon ya juyo ya dube shi kamar famfon ne ya yi magana. Ya jera masa kofuna biyar, ya sa shi ya shinshina ɗaya bayan ɗaya. Dung ya ware su daidai, har ya nuna wanda aka wanke gangarsa ba ta bushe ba.

Abin ba tsafi ba ne. Uwar Dung burkutu take dafawa, kuma a gindin tukwanenta ya girma. Tun bai kai ɗaukar fartanya ba ya san jar dawa ita ke ba da ƙarfi da ɗan ɗaci, farar dawa ta sa abin ya bi wuya sumul, in an ƙara gero kaɗan sai zaƙi ya leƙo daga ƙarshe. Da Mista Ephraim ya fara koya masa irin inabi, sai ya ga ai karatun da ya sani ne, littafin kawai aka canja.

Iri uku suka fi aiki da su, kuma Dung ya raɗa wa kowanne suna nasa. Wanda Faransawa ke kira Semiyon ya ce masa Mai Jiki. Shi ke cika baki, yana da kauri da santsi kamar an ɗan shafa man shanu a harshe, yana kuma jure ajiya, amma in shi kaɗai ne sai ya kwanta lakwas kamar tuwo ba miya. Sobiyon kuwa Mai Tsini ne. Yana da tsami mai tsinka yawu, ƙamshinsa na ɗanyar ciyawa da aka yanka yanzu, yana tashin Mai Jiki daga barci, sai dai in ya yi yawa ya kankare maƙogwaro. Na ukun shi ne Muskat, Dung yana ce masa Amarya, don ƙamshin fure gare shi, kuma kaɗan ake so. Ɗigo biyu ya yi ado, ɗigo huɗu ya mai da kwalba shagon turare. Duk gwanintar tana wurin sanin wanda zai ɗauki nauyi, wanda zai ja gaba, da wanda zai tsaya a baya a ji ɗuriyarsa kawai. Kuma inabin bana ba shi ne na bara ba, don haka awon bara ba ya yi wa bana aiki, sai an koma ga harshe.

Ba ya haɗiyewa. Ya kurɓa, ya juya a baki, ya ja iska ta haƙora, ya tofar a bokitin garin katako. Mutumin da ya shekara goma sha biyar giya na ratsa bakinsa kullum, ba wanda ya taɓa ganinsa a buge. Dokar maigidan kuwa ɗaya ce, kwana biyu kafin ranar haɗi ba barkono, ba goro, ba taba, ba sabulu mai ƙamshi. Da yake ranakun haɗi ba sa ƙarewa, Dung ya ga gara ya bar su gaba ɗaya. Haka ya yi, kuma yana alfahari da hakan fiye da yadda ya kamata.

Gida fa? Wasiƙa tana zuwa tana komawa. Yana aika atamfa duk Kirsimeti, da takalma da yake cankar girman ƙafar yarinyar da bai sani ba, wani lokaci su yi mata kaɗan, wani lokaci su yi yawa. Kowace wasiƙa tana ƙarewa da baɗi in Allah ya yarda. Ba mugu ba ne Dung, kuma bai ajiye wata mace a London ba. Irin mutanen nan ne da ke ganin gobe tana nan a ajiye kamar kaya a sito. A nan ne kaɗai aka taɓa ce masa gwani, sai ya kasa ɗaga ƙafa daga inda ake faɗa masa hakan.

A watan Nuwamban 1975 Scholastica ta rasu. Wasiƙar ta iso bayan mako uku da binne ta, daidai lokacin da sababbin ganguna ke sauka. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofar aiki, ya ninke, ya sa a aljihu, ya koma ciki ya gama haɗin ranar. Sai da ya koma ɗakinsa ya yi kuka, kuka mai yawa, irin na wanda ya san ba mutuwa kaɗai yake yi wa ba. Bai je gida ba. Ya ce wa kansa ai an riga an binne.

Da bazara ta shigo sai ga Kaneng a London. Jaririyar nan ta zama budurwa mai shekara goma sha tara, gwamnatin jiha ta turo ta koyon aikin jinya a babban asibitin Camberwell. A lokacin kuɗi sun yi wa gwamnati yawa, ana ta cika jirage da ɗalibai. Tsakanin masaukinta da wurin aikin ubanta tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa, amma sai da ta yi wata guda kafin ta neme shi.

Ranar da suka haɗu ya ga fuskar Scholastica tsaye a gabansa. Ta rusuna ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi aiki, ta tambayi sanyi, kamar yadda ake gai da dattijon unguwa. Sau uku tana zuwa bayan nan, kuma sau uku yana kasa kunne yana jiran kalma ɗaya. Ba ta ce masa Baba ba. Ba ta kuma kira shi da wani sunan ba, sai ta yi ta kewaya maganarta yadda ba za ta buƙaci kiransa ba sam. Dung ya lura, abin yana cinsa a rai, ba abin da yake so a duniya kamar ya ji kalmar nan daga bakinta.

Ana nan sai aiki mafi girma da Mista Ephraim ya taɓa samu ya faɗo. Wani ɗan kwangila mai suna Katung, wanda ya gina sabon otal a Kaduna, yana son farar giya jirgi guda. Tsohon ya damƙa wa Dung komai, ya ce ƙasarku ce, kai ka san bakin mutanenku. Dung ya yi mako biyu yana tunani. Giyar za ta daɗe a tashar jirgin ruwan Ikko cikin zafi, don haka tana son Mai Tsini da zai riƙe ta kada ta mutu a hanya. Za a sha ta a kan abinci mai yaji, don haka tana son Mai Jiki da ɗan zaƙi da zai kwantar da wutar barkono. Abin dariya, wutar barkonon nan sai dai ya tuno ta, don ya manta rabonsa da ita. Aka sa ranar Litinin ƙarfe goma Katung zai zo a yanke magana.

Ranar Lahadi da azahar aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Shekarar ce aka yi zafin nan da Turawa ba su manta ba, ciyawar filaye ta ƙone, kwalta tana manne wa takalmi. Kaneng ce, tana zufa, ta rungumo tukunya naɗe da zane. Tun kafin ta kwance ya ji komai. Acca, yakuwa, daddawa, da barkono mai yawa. Gwate ne, irin wanda ake yi a Zawan, kuma ƙamshin ya mai da shi tsakar gidansu a take.

Ta ajiye a kan tebur, ta fito da cokali daga jaka, ta zauna a bakin gado.

"Mama ce ta ce in dafa maka," in ji ta. "Kafin ta rasu ta ƙulla kayan a tsumma. Accar gonar bayan gida ce, daddawar ita ta yi da hannunta, barkonon ma ita ta shanya. Ta ce ranar da na ga ubana in dafa masa, in zauna ya ci a gabana. Ta ce in ya ci, magana ta ƙare, kada in riƙe shi a zuciya."

Sannan ta ƙara da cewa, "Na daɗe ban yarda ba. Yau na tashi na ji zan iya. 'Yan hostel har sun yi complain saboda warin daddawa."

Kalmar da yake jira ta gifta ta kusa da shi, ko da yake labari aka ba shi da ita, ba kiransa aka yi ba. Cokali yana nan, tukunya tana tururi. Wani uban da tuni ya kai loma uku. Amma Dung ya shekara goma sha uku yana yi wa harshensa biyayya, kuma abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne ƙarfe goma na safiyar gobe.

"Kaneng, 'yata," ya ce, "gobe muna da tasting, wato ɗanɗanon giya. Babba ne, ba a taɓa ba ni irinsa ba. Bari in ajiye, gobe da yamma in na dawo in cinye shi tas."

Ta zuba masa ido. Kallon ya tsorata shi, sai ya yi abin da ya fi muni. Ya ɗauka in ta gane girman aikin za ta yi masa uzuri, wataƙila ma ta ga ubanta ba a banza ya zauna ba. Ya jawo 'yan kwalabe uku daga kabad ya jera a gefen tukunyar. Ya nuna mata Mai Jiki, ya ɗaga shi a hasken taga ta ga yadda yake bin gilashi a hankali. Ya buɗe Mai Tsini ya kai mata hanci. Ya yi bayanin Amarya, da zafin tashar Ikko, da yadda kashi ɗaya cikin goma yake juya haɗi gaba ɗaya. Bakinsa ya buɗe yadda bai taɓa buɗewa da Hausa ba tun da ya zo ƙasar. Ya yi kusan rabin sa'a yana zuba, bai ga lokacin da tururin tukunyar ya ɗauke ba.

Da ya numfasa ta ce, "Wato cokali ɗaya zai ɓata maka baki."

"Ba ɓatawa ba ne. Barkono yana kwana biyu a harshe, shi ke nan. Gobe kaɗai, 'yata."

"To," in ji ta. Ta miƙe ta ninke zanen da ta naɗo tukunyar. "Ina da duty ƙarfe huɗu."

Ya raka ta har tashar bas, yana ta cewa gobe, tana ta cewa to. Da ya dawo ya ɗora tukunyar a bakin taga, inda ya saba ajiye madara. Ɗakin ba firji, kuma a shekarun da ya yi a ciki tagar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Bai tuna cewa bana ba irin sauran shekaru ba ce.

Litinin ya isa wurin aiki da baki tsarkakakke, ko shayi bai sha ba. Ya yi haɗi bakwai, ya zubar da shida. Na bakwan kashi shida Mai Jiki ne, uku Mai Tsini, ɗaya Amarya. Yana shiga baki da sanyi da ɗan tsami, ya baje ya yi laushi, sannan fure ya biyo baya a hankali bayan an tofar. Mista Ephraim ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe bai buɗe ba. Ya ce shekararsa hamsin a wannan sana'a, bai taɓa haɗa kamarsa ba.

Katung ya iso sha ɗaya da rabi, cikin babbar riga da turaren da ya cika ɗakin tun daga ƙofa. Goro a kumatu, sigari a yatsa. Mutum ne mai fara'a, ya rungume Dung da ya ji ɗan gida ne. Kafin a nuna masa komai ya kai hannu ya ɗauki kofin da ya fi kusa, wanda Mai Tsini ne zalla da aka ware don gwaji, ya shanye a kurɓi ɗaya ya ce madalla, wannan ya yi. Dung ya miƙa masa haɗin gaskiya. Ya shanye shi ma, ya ce duk ɗaya ne ai.

"Ɗan'uwa, kada ka wahalar da kanka," in ji Katung yana dariya. "A gida wa zai tsaya shinshinawa? Ƙanƙara za a zuba, wani ma ya ƙara lemo. Ni dai a sa mini takarda mai ruwan zinariya a jikin kwalba, da dogon suna na Faransanci. Shi mutane ke saye."

Minti goma aka yi aka gama. Sauran lokacin a kan launin takarda aka ɓata shi.

Dung ya nemi izini ya tafi gida da la'asar. Yana matakala ta biyu hancinsa ya gaya masa, hancin nan da ba ya ƙarya. Gwaten ya kwana ya wuni a rana, ya yi tsami irin na lalacewa, ya kumbura har ya ɗaga murfi. Ya tsaya a kansa ya daɗe. Sannan ya jawo kujera, ya ɗauki cokalin da ta bari, ya fara ci. Barkonon Scholastica ya kama masa harshe kamar wuta, hawaye da majina suka haɗu, cikinsa yana tashi, bai tsaya ba. Ya cinye, ya kankare gindin tukunyar, ya suɗe cokalin. Kwana ɗaya ya yi a kwance bayan nan, bai je aiki ba, karo na farko tun da ya fara.

Ranar Laraba ya wanke tukunyar fes, ya sa kwat ɗinsa cikin wannan zafi, ya tafi masaukin ɗalibai. Aka kira ta, ta fito cikin fararen kayan aiki. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta buɗe murfin ta leƙa.

"Na ci, Kaneng," ya ce. "Wallahi na cinye duka, ban bar ko loma ba."

"Ban gani ba," in ji ta.

Ba da faɗa ta faɗa ba, idanunta ma sun ciko. Ya ce to ta sake dafawa, ko yau, ko yanzu, zai zauna a nan bakin ƙofa ya ci kowa yana kallo, zai sayo acca ko daga ina ne, zai sayo barkono.

"Na kasuwa ne za ka sayo," ta ce. "Nata ya ƙare. Duka na zuba."

Aka yi kiranta daga ciki. Ta rungume tukunyar, ta rusuna masa kamar kullum, ta shiga.

Shekara uku ta yi a London. Ba ta yanke shi ba, takan zo duk ƙarshen wata, ta gaishe shi, ta duba lafiyarsa, ta wanke masa labule. Abinci ne ba ta ƙara kawowa ba. Kafin ta gama karatu Faransawa suka koma ɗura giyarsu a can, gangunan suka daina zuwa, Mista Ephraim ya rufe wurin. Dung ya samu gadi a wata makaranta a Peckham, ya koma cin yaji da goro kamar kowa, har mutane suna yi masa barka da warkewa.

Da ta koma Jos ta yi aure, takan rubuto masa duk Kirsimeti, wasiƙa mai tsabta da labarin yara da na damina. Kullum yakan daɗe riƙe da ambulan kafin ya yage, don muddin bai buɗe ba yana iya sa rai. Goma sha ɗaya ya samu kafin ya rasu, kuma kowacce ta fara ne da gaisuwa mai yawa zuwa ga Mista Dung.